Majigin Kaka a Bolori

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kano, mu uku a mota, ni kuwa sai shafa aljihu nake. Waya ce kawai, amma a cikinta akwai tsohon majigi da wani abokina ya tono mini a ma'ajiyar kayan tarihi. Ƙanin kakana ne a ciki, wanda muke ce wa Kaka. Yana saurayi wani Bature mai shirya majigin wayar da kai ya ɗauke shi, kuma kullum abu ɗaya ake sa shi: makiyayi mai taurin kai da ya hana a yi wa shanunsa allura har suka mutu. Shekara da shekaru yana ba da labarin, jikoki suna cewa surutun tsufa ne. Burinsa ɗaya, ya sake ganin kansa kafin ta Allah ta kasance.

A Azare muka karya da kunu da ƙosai. Kai, ƙosan bana ya rame, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba! A Potiskum abokin tafiyarmu ya dage sai ya ci tsire, direba na ta masifa kada yamma ta yi mana a hanya. Daga Damaturu kuwa shinge bayan shinge, a tsaya, a nuna kati, a wuce.

Bayan la'asar muka shiga Maiduguri, muka nufi Bolori. Na tarar da Kaka a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, maƙwabta na ta yi mana "wushe, wushe", wato sannu da Barbarci. Na miƙa masa hannu, sai na ga yana lalube a iska. Ashe idon ya rufe, ba wanda ya gaya mini. Ga shi kuma majigin wancan zamani ba shi da murya. Mai sharhi ne ke tsayawa gefe da lasifika. Ba gani, ba ji, to me na kawo masa? Duk da haka na gaya masa abin da ke cikin wayar.

"Kunna mana, ragon Kano," in ji shi. "Me ka gani?"

"Wani siririn saurayi, Kaka, da malafa da sanda."

"Ni ne, ja'iri! Yanzu zan juya wa mai allura baya."

Bai rufe baki ba saurayin ya juya. Jikoki suka yi caa a kan wayar. Kaka ya ci gaba da sharhi, kowane motsi yana faɗarsa kafin ya faru. Ya ce sau bakwai Baturen ya sa shi faɗawa kan mushen saniya, ga wari. Ya ce har a kasuwar shanu an daɗe ana kiransa wawa, amma bayan majigin makiyaya layi suka riƙa yi wajen allura.

Da aka zo inda saurayin ke kuka, wata jikarsa ta ce a hankali, "Kaka, ashe da gaske ne."

Ya goge ido da bakin riga, ya ce, "A sake kunna musu."

Kwana biyu muka yi muka juyo. Na iso gida lafiya, amma da abu a zuciyata. Wata biyar majigin nan yana wayata ina jiran in samu hutu, idon Kaka kuwa watansa biyu da rufewa. Jama'a, in kuna da saƙon tsoho a hannu, kada ku jira hutu.