Ranar da Asusun Hajiya ya Cika

Mai ɗakina Hajiya ta bar Bangi, babban birnin ƙasarmu, a farkon shekarar 2014, a bayan babbar mota, zaune kan naɗaɗɗiyar katifarmu, tare da matan unguwarmu ta Kokoro. A lokacin masu adduna da layu sun kewaye Kilomita Biyar, yankin Musulmi da unguwar tamu ke ciki, wanda duk ya fita bai da tabbacin dawowa. Ni na tsaya. Ina da shagon kayan keken ɗinki, allura da bel da mai, kuma mun riga mun ga abin da ke samun gidan da aka bari babu kowa: a cire ƙofa, a kwashe kwanon rufi, daga baya har bulo. Muka yi da ita za ta zauna a Garwa-Bulai, garin Kamaru da ke manne da iyakarmu, har abubuwa su lafa. Mun ɗauka kafin azumi za ta dawo.

Fatauci ya kai ni wurare. Na zauna a Kano da Damagaram, na yi Njamena da Umdurman, na yi shekaru a Jidda, Duwala kuwa ta zama kamar bayan gida. Duk inda na je na tarar mutanenmu suna aika kuɗi da baki: ka ba wani ɗan kasuwa a nan, ɗan'uwansa ya biya a can. A Jidda lamba suke ba ka a guntuwar takarda. A Duwala sai ka faɗi wata kalma da aka shirya. Amma a Kilomita Biyar muna da wani ƙari da ban gani a ko'ina ba. Wanda ya biya kuɗin a can dole ya ba da labarin yadda ya ga mai karɓa. Ba a rubuta wannan ba, ba a kuma biyan ko sisi a kansa, amma wanda ya bar shi ya bar rabin aikin.

Nawa mai aiken shi ne Alhajin albasa, wani dattijo mai babban sito a bakin kasuwa, wanda ƙanensa ke tare masa kaya a Garwa-Bulai. Duk farkon wata nakan kai masa abin da ya samu. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya aiko in zo, ya kira ƙanen, ya buɗe muryar wayar, ya ɗora ta kan buhu.

"Ga maigidan Hajiya nan ya tsare ni. Ta zo?"

"Ta zo, Yaya."

"Da ƙafarta, ko aike ta yi?"

"Da ƙafarta. Har ta ce albasarmu ta fi zinariya tsada, wai mu ji tsoron Allah."

"To, baki na nan ke nan. Fuska fa?"

"Ta ɗan faɗa. Ta ce sanyin garin ne. Amma ta sha shayi, ta nemi ƙari."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka ji? Ƙara mata wani abu ta sayi bargo. Kai kana nan kana cin gasasshen kifi."

Wani zai ce ai akwai waya, me ya hana in tambaye ta da kaina? Ina tambaya. Amsar dai ɗaya ce: lafiya lau. Haka aka raine mu. Ba a gaya wa na nesa ciwo, don ba abin da zai iya sai ya rasa barci. Ni ma haka nake yi mata. Akwai ranar da ta kira ana ɓarin wuta ta wajen unguwar Yakite, ina kwance a ƙasa bayan kanta, na ce mata yara ne ke wasa da abin fashewa na biki. Ta ce to, a gaishe da yaran. Ta san ƙarya nake, na san ta sani. Saboda haka idon ƙanen Alhaji shi kaɗai nake da shi a kanta.

Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Hanya takan buɗe ta rufe. Duk sanda muka fara maganar dawowarta sai wani abu ya tashi. Ana cikin haka Alhajin albasa ya rasu, ba harsashi ba, ciwon suga ne ya ci ƙarfinsa a wani mako da zuwa asibiti ya gagara. 'Ya'yansa suka raba sito, ƙanen ya tattara ya koma Ngawundere.

A wannan tsakanin ne kamfanin waya ya kawo sabon tsari: lambar wayarka ta zama asusunka. Ƙananan rumfuna masu launi suka tsiro a bakin titi. Ka miƙa kuɗi, a danna, kafin ka mayar da hannu aljihu saƙo ya shigo cewa sun isa. Ba zan rage wa abin daraja ba. Ya raba mutane da ɗaukar kuɗi a jiki suna wuce samarin da ke riƙe da bindiga a kusurwoyin kasuwa. Na taɓa ganin irinsa a wajen wasu 'yan Kenya a Jidda, suna ba ni labari ina musu kallon masu tatsuniya. Sai ga shi a ƙofar shagona.

Hajiya na da tsohon layinta na Bangi, wanda ke kamawa idan ta tsallaka shingen iyaka zuwa ɓangarenmu. A can aka buɗe mata asusu da takardarta ta gudun hijira, tun da katin ɗan ƙasa ya ƙone tare da gidan iyayenta. Na koya mata ta waya, ina maimaitawa kamar mai biya wa yaro karatu. Na ce wannan lambar sirrin ita ce makullin, kada ta gaya wa kowa, ko maƙwabciya, ko mai rumfa, ko ni kaina.

Ta ce, "Malam, ni da na ɓoye maka adashina shekara da shekaru, lamba ce za ta gagare ni?"

Daga nan duk farkon wata sai ta taka zuwa shinge, ta cire kuɗinta, ta kira ni daga can. Ina jin ƙarar manyan motoci a bayanta, da masu tallar ayaba suna kira da Sango, yaren ƙasarmu. Ta ce lafiya lau, in ce lafiya lau. Kuɗi na isa cikin ƙiftawar ido, amma sai in dawo gida ban san komai ba. Nakan wuce ta gaban tsohon siton Alhaji, yanzu ana sayar da siminti a ciki, in rage tafiya ba dalili.

Daga baya kiran ya sauya. Ya riƙa zuwa ta lambar Kamaru, wayar matar da suke haya gida ɗaya. Bayanta shiru, sai kukan kaza. Na tambaya, ta ce layin Bangi ne ke wahalar kamawa. Na yarda, don layin na yin haka.

Wata safiya na je rumfar da na saba. Mai ita wata mata ce 'yar Yakite, Sango ta fi mata sauƙi, takan ce mini Papa. Ta danna, ta sake dannawa, ta juyo mini da wayar.

"Papa, ya ƙi. Sun ce asusun Mama ya cika."

"Cika kamar yaya? Tulu ne?"

Ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Asusun da aka buɗe ba da cikakken kati ba yana da iyakar abin da zai riƙe, idan ya kai nan sai an cire kafin a zuba.

Na koma bencin ƙofar shago na ba abokan hira labari, ina zagin na'ura. Wani tela maƙwabcina ya ce, "Alhaji, tarawa take yi. Wata rana za ka ga ta dawo da motarta, ta ɗauke ka direba."

Wani ya ce, "Ko ta samu mai ciyar da ita a can, naka ya zama na ajiya."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai da na shiga shago na fara jera kwalaben mai lissafin ya zo mini. Abin da nake aikawa ba ya wuce na abinci da haya. Idan har ya taru ya cika asusu, to watanni ke nan ba ta taka zuwa shinge ba.

Na kira ofishin kamfanin. Wata yarinya mai ladabi ta amsa da Faransanci. Na ce ina son sanin ranar da matata ta cire kuɗi na ƙarshe. Ta ce suna da bayanin, har da rumfar da aka cire, amma na mai asusun ne, ba sa ba wani. Na ce mijinta ne, tun kafin a haife ki. Ta ce ta gane, ta ba ni haƙuri. Ban ji haushinta ba. Da a ce wani ne ya kira yana tambayar sirrin Hajiya, haka zan so a amsa masa. Amma na ajiye wayar ina tuna buhun albasa da muryar da ke fitowa daga kansa.

Na kira lambar maƙwabciyar, aka kai mata.

"Hajiya, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam."

"Yaushe rabonki da shinge?"

Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

"Wayarki ce ta kai ƙararki."

"To, ita ma ta koyi gulma ke nan. Ƙafa ce kawai ta ɗan kumbura. Kada ka tashi hankalinka, kada kuma ka bar shago."

A bakin Hajiya, "ta ɗan kumbura" babbar magana ce. Na ba telan makullin shago, na roƙi wani ɗan'uwa ya riƙa kwana a gidan Kokoro, na nemi gurbi a ayarin manyan motocin da ke tafiya Kamaru da rakiyar sojojin kiyaye zaman lafiya. Na bi wannan hanya sau ba adadi a zamanin ƙuruciya, na san inda ake sayar da zuma mai kyau da inda ake sauka salla. Wannan karon na cire hula na cusa a jaka don kada a gane ni Musulmi ne, a kowane shinge da Sango nake amsawa. Garuruwan da na san masallatansu na wuce su ina kallon ƙasa.

Na same ta a wani ɗaki na bayan gida, zaune kan katifar nan, ta jingina da bango. Ƙafafunta sun cika har fatar na ƙyalli, fuskarta kuwa ta zama rabi. Ta dube ni tun daga kai har takalmi.

"Ka rame," ta ce.

Maƙwabciyar ta ba ni sauran labarin a tsakar gida. Tun damina take kwance. Su ke ba ta abinci, da abin da ake rabawa 'yan gudun hijira. Sun yi sun yi da ita ta ba su waya da lambar su ciro mata, ta ƙi.

Na koma ɗakin na ce, "Me ya sa, Hajiya?"

"Kai ka ce ko kai kada in gaya wa. Kuma idan sun ga abin da ke ciki, da wane ido zan ci tuwonsu?"

Washegari ta sa na rufe ƙofa, na sunkuyo, ta raɗa mini lambar a kunne. Na tsallaka shinge da wayarta na cire duka. Da shi muka kai ta asibiti, muka kuma sauke wa maƙwabtan buhun shinkafa da man gyaɗa, ita ta zaɓi irin shinkafar. Likita ya ce ƙoda ce, kuma an makara, amma magani zai sassauta.

Ya sassauta ɗin. Mun yi rani guda tare a wannan ɗaki. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke dama mata kunu tana gyara mini daga kwance, wai na cika tsamiya. Da yamma nakan fitar da ita bakin ƙofa mu kalli motocin Bangi suna jerin gwano, tana ƙirga mini waɗanda za ta fara ziyarta idan ta koma, da wadda za ta yi wa faɗa a kan tukunyar da ta ara ba ta mayar ba. Ta rasu da farkon damina, ina riƙe da kofin ruwanta. A Garwa-Bulai aka binne ta, tsakanin mutanen Kokoro da Yakite da yawa.

Na dawo Kilomita Biyar na karɓi makullina. Har yanzu ina amfani da rumfar matar nan, a can nake zuba kuɗi a wayata, da wayar nake biyan masu kawo mini kaya daga Duwala, ba na ko tashi daga benci. Lambar Hajiya kuwa, da ta daɗe ba a taɓa ta ba, kamfani ya ba wani. Na kira sau ɗaya. Wani mutum ya ɗauka, da ƙarar babur a bayansa, yana tambaya da Sango wa ke magana. Na gaishe shi, na tambaye shi gida, ya ce kowa lafiya. Ya jira in faɗi abin da ya sa na kira, har ya gaji ya kashe.