Sunayen Ɗan Gwadabe

Gwadabe mai gyaran keke ya zo Tudun Wada bayan ya bar aikin reluwe. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Na san shi ne a 1955, shekarar da muka binne ɗiyata Keziya. In na tashi daga makarantar da nake koyarwa, rumfarsa nake zuwa in zauna, domin shi kaɗai ne ba ya ce mini in yi haƙuri.

A rumfar akwai wani mutum na ƙarfe da ya ƙera. Garwar kananzir ce jikinsa, kansa tsohon kwano ne mai idanun ƙusa, hannuwansa na riƙe da famfo. Gwadabe na juya feda, sarƙa ta ja, sai mutumin ƙarfen ya sunkuya ya miƙe, iska na shiga taya. Da shi Gwadabe yake hira. “Kai dai ba ka ci, ba ka tsegumi,” yakan ce masa, ya ajiye kwanon tuwo a tsakaninsu.

Mu malaman makaranta mutum-mutumi muke ce masa, kamar wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Leburori suka sa masa Ranka-ya-daɗe, wai sunkuyonsa irin na masinja ne a gaban Bature. Matan unguwa suka ce Ɗan Gwadabe. Zolaya ce, amma wannan sunan ne ya karɓa. In an tambayi lafiyar ɗan, yakan amsa, “Yana nan, ƙiwuya yake yi.”

Sai wani direba, Nagoda, ya tsaya yana kallonsa ya ce, “Wannan ai ruku’u yake yi. Liman ya samu Na’ibi.” Aka yi dariya, sunan ya bi gari.

Bayan sallar Juma’a Malam Labaran, limamin unguwa, ya zo da kansa.

“Gwadabe, na san ba da wata manufa ka yi ba. Amma abu mai fuska, yana sunkuyo, ana kiransa Na’ibi?”

“Allah gafarta Malam, ba ni na sa masa ba.”

“Na sani. Cire kan kawai, sauran ai ƙarfe ne.”

Gwadabe ya ɗauki sufana, ya ce in riƙe masa kafaɗun mutumin ƙarfen. Na riƙe.

Famfo ya ci gaba da aiki kamar da. Mutane suka koma cewa injin iska, kuma babu mai tsayawa sai wanda tayarsa ta sace. Ban ƙara jin Gwadabe ya yi masa magana ba.

Wata rana na tambaye shi inda ya kai kan. Ya ce, “Malam Habila, irin wannan ba a kai shi juji.” Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba.