Sunan da Gwaggo Ta Ƙi Faɗa a Ajin Turanci

Duk tsawon shekarun da na yi ina riƙe da alli, akwai wata rana a Argungu da ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga raina. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ban daɗe da gama makarantar horon malamai a Birnin Kebbi ba. Yarinya ce ni ɗanya shataf, ga rawar kai, ga Turanci fal baki, ina ganin duk abin da ba a rubuta a littafi ba ƙauyanci ne.

Da safe ina koyar da yara a firamare, bayan la'asar kuma aka ba ni ajin matan aure na yaƙi da jahilci. Yawancinsu sa'o'ina ne, sai wata dattijuwa mai sana'ar albasa da kowa ke kira Gwaggo. Ita ta riga ta iya karatu da rubutu da Hausa, Turanci ne ya kawo ta. Ɗanta na fari soja ne a kudu, ya auri 'yar can, kuma matar ce ke rubuto wasiƙa da Turanci. Duk wadda ta zo sai Gwaggo ta kai wa wani maƙwabci ya karanta mata, kafin magariba rabin unguwa sun san abin da ke ciki. Tun ranar farko ta ce mani, "Malama, so nike in karanta abina da kaina, in maida amsa da hannuna. Buƙatata ke nan." Kuma ta dage. Ko ranar kasuwa ce, za ka gan ta a bencin gaba tana warin albasa, biro a hannu.

Ranar da abin ya faru, darasinmu a kan yadda Bature ke faɗin wurin wani ko abin wani ne. Na ce masu mu da Hausa "daga gidan wane" muke cewa, gida a gaba, mai gida a baya. Shi kuwa juya abin yake yi. Ƙaramar kalma irin su "from" ko "at" ta fara zuwa, sai mai abu da 'yar alamarsa ta mallaka, sannan abin. Wani lokaci ma sai ya yar da kalmar gidan, ya ce "at my uncle's" ya ja bakinsa ya yi shiru, kowa ya gane gidan kawu ake nufi. Matan suka yi ta dariya, wata ta ce lallai Bature ya cika ƙiwa, ko maganarsa ba ya ƙarasawa.

Da na ga sun kama, sai na ɗaga ambulan na ce kowacce ta gaya mani daga gidan wa wasiƙar ta fito, amma ta sa sunan wani nata na gaskiya. Aka yi ta zagayawa, wannan ta kira ƙanenta, waccan ta kira ƙawarta. Da aka zo kan Gwaggo ta miƙe ta ce, "From my son's house." Daidai ta faɗa, ko ɗigo babu kuskure. Da ina da hankali da nan na tsaya.

Na ce, "Suna na ce, Gwaggo. 'Ya'yanki maza huɗu, wanne daga ciki?"

Ta ce, "Babban."

"Babban ba suna ba ne. Mene ne sunansa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, ki wuce ga ta gaba."

Kada wani ya ce ban san al'ada ba. Na sani sarai cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Abin da boko ya ɗora mani shi ne wai wannan kunyar ta Hausa ce kawai, da zarar an shiga Turanci an fita daga huruminta. Sai na buga allo na ce, "Nan Turanci muke yi, Bature ba ruwansa da kunya. In ba za ki iya faɗin sunansa ba, ta yaya za ki rubuta masa wasiƙa?" 'Yan matasan cikin ajin suka ƙyalƙyale da dariya. Gwaggo ta rufe littafinta, ta gyara mayafi, ta sa takalmanta ta fita. Ni kuwa har raina ya ɓaci, wai an raina mani aji.

Mako biyu ba ta zo ba, wasu dattijai biyu da ke zama kusa da ita su ma suka ɗauke ƙafa. Da na je gidanmu a unguwar Badariya, Birnin Kebbi, a ƙarshen mako na ba mahaifiyata labari, ina jira ta ce tsohuwar ce mai taurin kai. Tana tsince shinkafa, sai ta ajiye faifan ta dube ni. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, tun da kika yi wayo kin taɓa jin sunan yayanki ga bakina?" Na ce a'a. Ta ce, "To ko da Larabci aka ce in faɗa, ba ni faɗi. Kin tsaida sa'ar uwarki gaban yara kin tube mata zane, kin zo nan kina neman in yaba maki?" Tuwon ranar ma kasa cin sa na yi.

Ina komawa Argungu na nemi gidan Gwaggo da hantsi. Na same ta a tsakar gida tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo ruwa, kamar ba ni ce na yi mata abin ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi, Malama, ya wuce. Shekara talatin da 'yan kai sunan ga bai fito bakina ba, kuma ba don ba ni son shi ba. Amma aji kam ba ni komawa. Yaran da aka haifa gabana sun yi mani dariya."

Na yi roƙon duniya, ta ce a'a. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata wasiƙa. Kwana goma da zuwan wasiƙar, ko buɗe ta ba ta yi ba, don ta yi wa kanta alkawarin ta daina kai wa maƙwabci. Kwana goma uwa na kwana da labarin ɗanta a ƙarƙashin matashi, ba ta san ko lafiya ko akasin haka ba, duk saboda bakina. Na miƙa hannu zan karanta mata, ta ce, "A'a, zauna nan kusa. Ni ka karantawa, in na kauce ki maido ni." Ta bi layi da yatsa, kalma bayan kalma, duk inda sunansa ya fito sai ta tsallake ta ci gaba. Lafiya lau suke, har an samu ƙaruwa, matar ta haifi 'ya mace.

Daga ranar nake zuwa gidanta duk Alhamis, kusan shekara guda. Ran da ta gama amsa ta farko da hannunta, da aka zo kan ambulan, sai ta ɗan juya mani baya, ta kare da tafin hannu, ta rubuta sunan ɗan nata, bakinta a rufe. Ajin kuwa har aka yi mani canjin wurin aiki ba ta sake taka shi ba, haka ma dattijan nan biyu. Su ban san ko sun taɓa koyon abin da ya kawo su ba, kuma har yau abin na ci mani rai.

Abin da na koya shi ne, sabon harshe ba ya raba mutum da tarbiyyarsa, kuma ba aikin malami ba ne ya raba shi da ita. Tun daga nan, in ɗalibi ya ce mani in yi haƙuri in wuce, sai in wuce, in tambaye shi dalili daga baya, mu biyu kawai.