Bugun Ƙarshe na Mbah Karsidi

Katanga ɗaya ce tsakanina da Mbah Karsidi (Mbah shi ne kaka a yarenmu), ita ma ta gora ce, saboda haka in ya yi atishawa ni ke fara yi masa addu'a. Shekara goma sha tara ke nan muna maƙwabtaka a lungunmu na birnin Solo, a ƙasar Indonesiya. Ni ina sayar da shinkafa da soyayyen tempe, irin awararmu ta waken suya, a ƙofar gida, shi yana saƙa kejin kurciya. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai keji. Shi a wurinsa makaɗi ne, don shekara talatin ya yi yana buga gong a ƙungiyar masu kiɗan gargajiya na gamelan ta unguwarmu, kafin gwiwa ta hana shi zaman ƙasa.

Na sha tsokanarsa a kan wannan. "Mbah, wai wannan ma aiki ne? Mai ganga hannunsa har ya kumbura, mai sarewa numfashi ya ƙare, kai kuwa kana zaune bayan ƙaton farantin tagulla kana gyangyaɗi, sai can ka farka ka yi gum sau ɗaya."

"Tumirah," in ji shi, "gum ɗin nan da kika raina, shi kowa ke jira. In ban buga ba, babu mai tashi ya tafi gida."

Tun da matarsa ta rasu ni ke kai masa abincin rana, don haka na san tsarinsa. Ya yi azahar, da yake a nan kafin sha biyu take yi, ƙarfe sha biyu ya kunna rediyo, shirin gamelan na tasharmu ta gari, awa guda cur. Yana fiƙe gora yana yi wa makaɗan gyara kamar suna jin sa. "Wannan mawaƙiyar ta sha yaji da safe." "Kai mai ganga, ina za ka? Ka bar tukunya a wuta ne?" Masu keken haya da ke cin abinci a wurina sukan ce kiɗan nan barci yake sa su, a canza tasha mana. Ko kallonsu ba ya yi.

Abincin kuwa ba ya taɓa shi sai kiɗan ƙarshe ya sauka. Mai ganga zai rage gudu, kowa ya ja da baya, a ɗan yi shiru kamar an riƙe numfashi, sannan gong ya faɗi. A nan ne Mbah zai ajiye wuƙa, ya yi hamdala, ya buɗe ganyen ayaba.

Sai aka kawo sabon mai gabatarwa, wani Pramono, murya kamar zuma. Ya fito da sabon abu: a farkon shiri zai riƙa karanta wasiƙun masu sauraro. Ranar farko kiɗan ƙarshe bai fara da wuri ba. Mai ganga ya soma rage gudu ke nan, Mbah ya ɗaga wuƙa sama yana jira, sai ƙit, aka yanke. Ƙarfe ɗaya ta yi, ga labarai.

Na leƙa na gan shi hannu a sama kamar mai tare mota.

"Mbah, sauke hannun, an gama."

"Ba a gama ba."

A ranar, tururuwa ce ta ci shinkafata. Washegari haka, jibi haka. Ya koma sai bayan la'asar yake ɗan tsakura, shi ma don na tsaya masa a ka. Cikin wata guda zanensa ya fara zamewa daga ƙugu, kejin da yake gamawa a kwana uku ya koma mako. Na ce masa ga murfin tukunyata, ya riƙa bugawa da kansa ya huta. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Daga nan ya ce zai rubuta musu. Ya sa tabarau, ya cika shafi uku da irin harshen da ake yi wa mutanen fada magana. Ni karatuna bai wuce na gane lambar mota ba, shi ya karanta mini. Ya gai da shugaban tasha, ya gai da Pramono, ya gai da makaɗa, rayayyu da matattu. Ya nemi gafara don tsoho jahili irinsa ya yi ƙarfin halin ɗaukar alƙalami.

"To ina ƙorafin?" na ce.

"Yana ciki."

"A ina?"

"Inda na ce kiɗan yana da daɗi, har mutum yakan yi kwaɗayin jin sa zuwa ƙarshe."

"Shi ke nan?"

"Me kike so, in zage su? Mai hankali zai gane."

Ranar Litinin Pramono ya karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe. Ya ce bai taɓa samun yabo irin wannan ba. Masu keke suka yi ta tafi suna "Mbah ya shiga rediyo!" Shi kuma yana ta sunkuyar da kai, amma na ga gefen bakinsa yana motsi. Ranar ko rabin kiɗan ba a kai ba aka yanke.

Ya sake rubutawa, shafi huɗu, ladabi ya ƙaru. Aka sake karantawa. Da aka kai ta biyar na rufe tukwanena, na ɗaure gashi, na ce ya sa rigarsa ta biki. Muka hau keke zuwa tashar rediyon.

Pramono ya fito da gudu ya sumbaci hannun Mbah. Aka kawo shayi. Mbah ya fara: ya yabi ginin, ya yabi shayin, ya tambayi lafiyar iyayen Pramono. Da na ga ya nufi kakanni, sai na dangwarar da kofi.

"Ɗan nan, saurara. Kuna yanke kiɗa kafin gong. Tsohon nan ba ya cin abinci sai gong ya faɗi. Dubi wuyansa, kamar na kazar da aka fige."

"Tumirah!" Mbah ya ce, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Pramono ya juya wurinsa. "Mbah, abin da wasiƙun ke nufi ke nan?"

"Ban ce haka ba, ɗana. Amma ban ce ba haka ba ne."

Pramono ya sosa ƙeya. Ya ce labarai daga babban birni ake haɗo su, ko daƙiƙa ba shi da ikon jinkirtawa. "Lokacin wasiƙu ne ke cin na kiɗa. Na sauran mutane layi biyu ne, a gai da wane da wance. Taku kuwa, Mbah, minti bakwai take ci. Kuma ita aka fi so, har waya ake yi a ce a maimaita."

Na yi dariya har na ƙware da shayi. Ashe tsoho da hannunsa yake ta yanke wa kansa gong.

"To ya za a yi?" in ji Pramono. "Zan taƙaita na sauran. Taku ce ba na iya taɓawa."

Mbah ya daɗe yana juya kofi. Na san abin da ke ransa, don na sha jin sa ta katanga yana maimaita "Mbah Karsidi na Solo" da muryar Pramono.

"Kada ka ƙara karantawa," ya ce a hankali. "Ni ma na daina rubutawa."

Washegari na kai abinci na zauna a bakin ƙofarsa, masu keke ma suka yi tsit. Saura minti biyu ƙarfe ɗaya mai ganga ya rage gudu. Aka yi shirun nan. Gong ya faɗi, ya yi ta amo har ya narke. Mbah ya ajiye wuƙa, ya buɗe ganye, ya share shinkafar tas, ya ce ko akwai sauran tempe.

Ina kwashe ganyen sai na ji yana gunaguni. "Sai dai mai gong ɗin nan ya yi gaggawa. Da ya ƙara jira kaɗan." Na ga hannunsa ya nufi aljihun da alƙalaminsa yake.

Alƙalamin yana wurina har yau, cikin gwangwanin gishiri.