Ragowar Gari a Injin Baba Kurma

Shagona na ɗinki yana kallon rumfar Baba Kurma mai injin niƙa, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Ba da kurumta aka haife shi ba, ƙarar inji ce ta cinye masa kunne a hankali. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma aure da neman abinci sun kai su nesa. Abin da ya rage masa shi ne bencin gaban rumfa, inda mata ke jera robobinsu suna jiran layi suna zuba surutu. Rabin hirar ba ya ji, amma da ya ga sun tuntsire da dariya sai shi ma ya taya su, gemu fari fat da gari. Mijin inji suke ce masa, shi kuwa ya ce ai ita kaɗai ce matar da ta fi su surutu.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san inji ba ya sakin gari duka. Kullum akwai ɗan abin da ke maƙalewa a ciki, na bayanka ya tafi da naka, kai ma ka tafi da na wanda ya riga ka. Shekara da shekaru muna cin ragowar juna, ba wanda ya ce uffan.

Sai wani manomi, ɗan aminin Baba, ya fara noma sabuwar masara, irin wadda aka ce masana sun sauya wa ƙwayar halitta don kada tsutsa ta ci. Ya so a niƙa masa ya kai kasuwa, sauran masu inji suka ƙi. Baba ya karɓa, ya ce ɗan amininsa ɗansa ne.

Kafin ka ce kwabo magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce masarar tana hana haihuwa, wasu suka ce allura aka yi mata. Ni dai tela ne, ban san gaskiyar ba, kuma ban ga laifin uwar da ta ce sai ta san abin da za ta sa a bakin ɗanta ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne ba wadda ta tsaya ta gaya wa tsohon nan. Sai dai su zagaya ta bayan layi su kai wani injin, shi kuwa yana nan yana goge benci yana leƙen hanya.

Da abin ya ishe shi ya tsallako shagona.

"Ɗana, rasuwa aka yi ne a unguwar nan? Na ga shiru."

Dole na ɗaga murya. Abin da ake faɗa a ɓoye, ni na kwarara masa shi a kunne duk titi na ji.

Washegari ya kwance injin gaba ɗaya, ya wanke da burushi, ya shanya ƙarafan a bakin hanya don kowa ya gani. Wata ta zo wucewa, ya kira ta.

"'Yata, zo ki duba da kanki, ko ƙwaya ɗaya babu."

"Sannu da aiki, Baba, sauri nake yi," ta ce, tana ɓoye robarta a bayanta.

Daga nan sai ya koma tayar da injin babu komai a ciki, ya zauna yana kallonsa yana juyawa. Wallahi tausayinsa ya sha hana ni taka keken ɗinki.

Rannan sai ga manomin nan a kan babur, da ƙaramin buhu a baya. Baba ya miƙe da sauri har yana tuntuɓe, ya fara gyara bel ɗin inji.

"Sauke mana, ɗana, yanzu zan tayar."

"A'a Baba, gaishe ka kawai na tsaya yi. Wannan masarar ta ci a gida ce, tsohon iri. Maman yara ta ce kada ta haɗu da ragowar waccan sabuwar, gaba zan kai."

"Me ka ce?"

Manomin ya waiga hagu da dama, sannan ya maimaita da ƙarfi.

Baba ya saki bel ɗin, ya goge hannu a rigarsa.

"To, madalla. Ka gaida min yaran."