Tabarmar Iliya

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Iliya, kuma kunya ba ta hana ni faɗi ba: har yau ina kishinsa.

Mu biyu ne ma'aikatan jinya da ke duba masu taɓin hankali a Tawa, a shekarun da jam'iyyu suka fito, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, magani ya yi wuya. Shi Kirista ne, daga kudu aka turo shi. Na fi shi karatu nesa ba kusa ba. Ni ke auna magani, ni ke rubuta takarda. Shi kuwa tabarma gare shi a gindin itacen bedi. Da an kawo mutum a ɗaure, sai ya sa a kwance shi, su zauna, su sha fura a ludayi ɗaya. Ina ta masa tsiya cewa ya mai da asibiti dandali.

Wani makiyayi daga Takanamat, mai suna Alhasan, ya daina magana bayan dabbobinsa sun ƙare. Wata huɗu ina fama da shi. Da ya warke ya dawo da cuku a ƙulle, ya wuce ta gaban teburina, ya miƙa wa Iliya. Ranar ko abinci ban ci ba.

Iliya ya lura. Ya ce, “Kai tsoron sabo kake.” Na ji haushi don gaskiya ce. Shi ya tashi a gaban uwarsa, bai taɓa tunanin za a guje shi ba. Ni maraya ne, hannun kawunnai huɗu na bi, na koyi kada in saba da kowa. Halin da kowannenmu ya taso da shi, shi ya kai wa marasa lafiya.

Da zai ga yau, matasan ma'aikata na duban waya fiye da fuskar mai ciwo, na san dariya zai yi ya ce duk almajiraina ne.

Bayan rasuwarsa tabarmar ta shekara a jingine bayan ƙofata. Sau ɗaya ban shimfiɗa ta ba.

Bara na gamu da Alhasan a kasuwa, ya tsufa tukuf. Ya riƙe hannuna, ya daɗe yana kallona, har zuciyata ta soma murna. Sai ya ce, “Na gane ka! Kai na abokin Iliya. Mi sunanka ma?”