Bazarar da Aka Kai Mu Ganin Birni

Har yau ba na iya wucewa ta gefen marina ban kau da kai ba. Masu ganina suna zaton warin baba ne ya dame ni. Ba warin ba ne, abin da yake tono mini ne.

Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin, a Shagari, tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba. Daminar da ta gabata fara ta sauka kan gero yana fitar da kai, ta bar mana kara tsaye. Kafin bazara ta yi nisa, rumbunanmu biyu sun zama wayam. Har irin da Baba ya ɗaure ya ajiye don shuka, wata safiya Inna ta sauke shi ta daka, yana kallo. Daga nan muka koma aduwa da goriba.

Ina da ƙawa a cikin gidanmu. Uwarta baiwa ce, Baba ya sayo ta da ita a goye, ba ta shekara ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Kaka ce ta raine mu tare. Tabarmarmu ɗaya, ƙwaryarmu ɗaya, in an yi laifi tsumagiya ɗaya ake yi mana. Na san ita baiwa ce kamar yadda na san na fi ta tsawo. Ban taɓa zaton abin yana da wata ma'ana ba.

A wancan zamani, in an gama sharar gona ana jiran ruwa, masu hali sukan kwashi iyali su kai su Sakkwato ziyara, yara su ga birni. Mu ba a taɓa kai mu ba. Shi ya sa ranar da Baba ya ce, "Gobe muna tahiya birni, da Kaka da ku biyun," muka yi ta tsalle da cikinmu ba komai. Inna ta yi mana kitso iri ɗaya. Ta ɗauko zanena na salla ta ɗaura wa ƙawata, ni ta ba ni tsoho. Na yi kuka, ta daka mini tsawa irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Da za mu fita, ba ta rako mu ko bakin ƙofa ba.

Jakai biyu muka kora, Kaka a kan ɗaya, ɗayan da mangala ba kaya. Ƙasa tana ƙona ƙafa, gabas ta yi duhu-duhu amma iska ba ta motsi. Muka yada zango a Bodinga gidan Goggo, ƙanwar Baba. Ta dubi zanen da ke jikin ƙawata, ta dubi Baba, ta ce, "Yaya, mi kake shirin yi?" Ya ce, "Ba ni ruwa dai in sha." Washegari da za mu tashi, Goggo ta damƙa wa ƙawata dunƙulen fura ita kaɗai. Ita kuma ta raba biyu ta ba ni babban.

Kai, birni! Da muka hango ganuwa sai na zaci dutse ne. Muka shiga ta ƙofa cikin turmutsutsun jakai da 'yan itace. Kaka ta kai mu hubbare, ta daɗe tana addu'a har na gaji da durƙuso. Muka ga masallacin da ya fi unguwarmu faɗi, muka ga dukawa sun shanya jar fata a rana, muka ga raƙuman fatake durƙushe da gishiri. A marina ƙawata ta tsoma yatsa cikin rami ta ɗiga mini shuni a goshi, muka yi ta dariya har wani marini ya kore mu. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsi ba.

Bayan azahar Baba ya ce mu shiga kasuwa. Muka wuce 'yan hatsi, muka wuce 'yan tukwane, muka iso wata doguwar rumfa. Mutane ne zaune a jere a ƙasa, maza gefe, mata da yara gefe. Wani dattijo mai farin rawani ya taso suka gaisa da Baba. Ya kama haɓar ƙawata ya ce ta buɗe baki, ya duba tafin hannunta. Sannan ya juyo gare ni da fara'a.

"Ke ɗiyata, wagga 'yar'uwar taki ta iya aiki kuwa?"

Ni kuwa sai na buɗe baki. "Ta fi ni iya daka! Ta iya kaɗi, ta iya ɗebo ruwa, ba ta taɓa fasa tulu ba." Yabon ta nake yi. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Madalla." Baba ya sunkuyar da kai.

Kaka ta damƙi hannuna ta ce in zo a saya mini alewa. Ƙawata ta tashi za ta biyo mu, Baba ya ce ta tsaya. Ta ɗaga murya ta ce, "Ki aje mini tawa!" Na ce to.

Da muka dawo, Baba yana tsaye bakin kasuwa, jakan nan biyu an labta musu gero har suna nishi. Na dubi bayansa, na dubi bayan jakan.

"Baba, ina take?"

"Ta samu gida inda za ta ƙoshi."

Na fizge na ruga rumfar. Wurin da na bar ta wata mata ce zaune da jariri. Na yi ta kiran sunanta har muryata ta dushe. Baba ya zo ya saɓa ni a kafaɗa, bai buge ni ba, bai lallashe ni ba. Kaka da ƙafa ta tako har Bodinga. Alewar ta narke a hannuna, ƙudaje suka bi ni.

Kwana uku da komawarmu ruwa ya sauka. Aka shuka geron nan, aka daka saura. Na rantse ba zan ci ba. Na yi yini biyu, a na uku yunwa ta fi ƙarfina, na ci tuwon har na suɗe ƙwarya. Ba wanda ya mutu a gidanmu a wannan shekara. Maƙwabtanmu sun binne yara uku.

Kaka, gab da rasuwarta, ta kira ni ta ce, "Na sani tun daga gida. Ki yafe mini." Baba kuwa har ya koma ga Allah bai sake ambaton ta ba. Ni ma ban taɓa gaya wa kowa abin da na faɗa wa dattijon nan ba sai yanzu.

Yau an ce an hana sayar da mutum, kuma tafiyar da muka yi kwana biyu mota tana yin ta kafin rana ta take. Duk bazara jikokina sukan yi ado a kai su birni, su ce in zo mu je. Nakan ce ƙafa ta hana. Amma da la'asar nakan ja tabarma zuwa ƙofar gida, in zauna ina duban hanya, kuma ba na tashi sai na ga kowanne ya shigo.